Autata ta fara mance muryar mahaifiyarta

Baban Yara, unguwar Birni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin in kawo ta gabanku, domin ba irin wadda namiji yake yi a majalisa ba ce a nan Damagaram, amma abin da ya faru a gidana daren Juma'ar da ta wuce ya nuna mini cewa shirun ya isa haka.

Allah ya yi wa uwargidana rasuwa a watan Maris na 2023, kwana tara kafin a ɗauki azumi, bayan jinyar ciwon dajin mama wadda ta kusa kai shekara biyu. Shekara goma sha tara muka yi tare. Ta bar mini ƴaƴa huɗu: babbar mace wadda take shirin jarrabawar bak, ta kammala sakandare, a bana, maza biyu, da auta wadda ba ta wuce shekara huɗu da ƴan watanni ba lokacin da muka yi rashin. A daren da nake magana, muna zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, sai autar ta ɗora kanta a cinyata ta ce, "Baba, idan Inna za ta kira ni, yaya take faɗi?" Na buɗe baki zan kwaikwaya mata, muryar tana cikin kunnena sarai, amma na kasa fitar da ita. Kafin in dawo hayyacina, mahaifiyata, wadda ta dawo gidan da zama tun bayan rasuwar, ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce a bar wadda ta tafi ta huta, kada a tayar wa yarinya da hankali. Yarinyar ta yi shiru, ni ma na yi shiru, kuma a kan haka muka kwana.

Abin da yake ci mini rai shi ne, ɗan abin da ya rage a idon ƙananan yaran nan shi ne hoton mace marar lafiya, kwance a kan katifa, da ɗankwali ɗaure a ka ko da barci take yi, saboda gashinta ya zube. Alhali matar da na aura a 2004 ba ita ce wannan ba. Ƴar unguwar Zango ce, mahaifinta baduku, an cire ta daga makaranta bayan ta gama firamare, amma babu wanda ya taɓa cutarta da dala ɗaya a lissafi. Sana'arta alkaki, wanda ta koya a hannun kakarta, kuma duk wanda ya san garin nan ya san ba kowace mace ake kai wa aikin alkakin biki ba. Kwana biyu kafin ɗaurin aure gidanmu yakan cika da ƙamshin mai da tsamiya, ita kuma tana zaune a ƴar kujerarta tana murza kwaɓin alkama tana naɗe shi a yatsu, tana hira ba ta ko duban hannunta. Ita ce uwar adashin mata ashirin a layinmu. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da famfo yake ɗaukewa kwana da kwanaki, takan kafa randa a ƙofar gida da moɗa ɗaure da igiya, ta riƙa biyan ƴan garuwa daga kuɗin alkakinta don almajirai da masu wucewa su sha. Tana da saurin fushi, ba zan ɓoye ba, kuma idan na ɓata mata rai ba ta tanka mini, sai dai ta share tsakar gida sau biyu a jere, duk gidan kuwa mun san ma'anar wannan shara.

A 2021, ƴan watanni bayan ta yaye autar, ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. Ba ya mata zafi, saboda haka ta ɗauka nono ne ya kwanta, ta yi wata shida ba ta gaya wa kowa ba. Da ta gaya mini, ni da nake malamin makaranta, na ce mu jira ƙarshen wata a yi albashi, ƙarshen wata kuma ya zama ƙarshen wani watan. A tsakanin nan ƴan'uwa suka ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, muka yi wata huɗu ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a wajen wani mai magani. Lokacin da aka tura mu Yamai, likita ya duba takardun ya dube ni, bai ce kome ba, amma na karanta abin da yake fuskarsa. Sau tara muka yi wannan tafiya ta kusan kilomita 900, mu tashi kafin asuba, mu bi Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Doso, mu shiga Yamai da dare, ita tana jingine da taga da leda a hannu saboda amai. An yi aiki, an yi ƙarin ruwan shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin dajin, amma ciwon ya riga ya shiga ƙashi. A ɗakinta ta cika, da hantsi, kanta a kan cinyar ƙanwarta.

Tambayoyina biyu ne. Ta farko: ina so in sami littafi in rubuta wa yaran nan rayuwar mahaifiyarsu, in riƙa ba su labarinta, in kunna musu saƙonnin murya da ta turo ta WhatsApp daga Yamai, waɗanda har yau ban iya saurara ba. Shin yin haka rashin haƙuri ne da hukuncin Allah, kamar yadda ake nuna mini a gida? Ta biyu: har yau ba a taɓa faɗin sunan ciwon a gidana ba, "rashin lafiyar nan" kawai ake cewa. Shin ya kamata in zaunar da babbar ƴata in gaya mata abin da ya kashe mahaifiyarta, ko kuwa zan ɗora mata tsoron da ba za ta iya ɗauka ba? Ina neman shawarar waɗanda suka sani da waɗanda suka ɗanɗana.

Almajirin Garin Malam

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, yaya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ya raya abin da ta bari.

Zan tsaya a kan tambayarka ta farko, domin ita ce na ɗan san wani abu a kanta. Abin da shari'a ta hana a kan mamaci sananne ne: kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da furta kalaman da suke nuna fushi da ƙaddara. Ambaton mamaci da alheri ba ya cikin wannan, hawaye ma ba sa ciki, tun da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin kome sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Misalin da ya fi kusa da halin da kake ciki kuwa shi ne na Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, wadda ta rasu kimanin shekara uku kafin hijira. Nana A'isha ba ta taɓa ganinta ba, amma da bakinta ta faɗa cewa ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishinta ba, saboda yawan ambatonta da Manzon Allah yake yi. Yakan yanka akuya ya yayyanka naman ya aika wa ƙawayenta, shekaru bayan rasuwarta. Bayan yaƙin Badar, da ƴarsa Zainab ta aiko da sarƙar wuyan da mahaifiyarta ta ba ta don fansar mijinta, ganin sarƙar kawai ya sa tausayi mai tsanani ya kama shi. Akwai kuma wadda ta yi daidai da maganar autarka: wata rana Hala, ƴar'uwar Nana Khadija, ta zo ta nemi izinin shiga, da ya ji sallamarta sai ta tuna masa da irin sallamar Khadija, har ya zabura yana ambaton sunanta. Idan murya ta motsa zuciyar mafificin halitta haka, ban ga ta inda za a ce wa yarinya ƴar shekara shida kada ta tambayi muryar uwarta ba.

Akwai ma wani dalili da ya sa nake ganin abin da kake son yi ya wuce halal kawai. Hadisi ya tabbata cewa idan ɗan Adam ya mutu ayyukansa sun yanke sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. To yaron da bai san uwarsa ba, wanda aka hana shi jin sunanta, da wace zuciya zai yi mata addu'a nan da shekara talatin? Zai yi ta ne da fatar baki, kamar yadda muke yi wa kakannin da ba mu taɓa gani ba. Amma wanda ya san cewa ita ce mai randar ƙofar gida, duk ranar da ya ga randa zai tuna.

Randar nan kuma ina roƙonka kada ka bari ta bushe. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi wace sadaka ce ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Mu mutanen Damagaram ba sai an yi mana dogon bayani a kan darajar ruwa ba. Ka sa mazan nan biyu su riƙa wanke ta suna cika ta da hannunsu, su san don wa suke yi. Ka kuma riƙa ɗaukarsu zuwa maƙabarta ranar Juma'a su yi mata sallama da addu'a. Game da Hajiya mahaifiyarka, kada ka yi jayayya da ita, ka bi ta da lallashi, domin abin da ta faɗa tausayi ne ya sa ta faɗe shi.

Ƴar Mirya a Sabon Gari

Baba, sannu da haƙuri, Allah ya kai haske kabarinta. Ni ba malama ba ce, amma ni ce autarka bayan shekara ashirin da biyar, shi ya sa na kasa karantawa in wuce.

Ina da shekara biyar mahaifiyata ta rasu a Mirya. Sai da na yi aure na haihu sannan wata goggona ta gaya mini cewa ciwon dajin mahaifa ne, cewa ta yi fiye da shekara tana zubar da jini tana wanke zannuwanta da dare don kada kishiyoyi su gani. Kafin nan, duk lokacin da na tambaya, amsa ɗaya ce: "Kwananta ne ya ƙare." Gaskiya ne kwananta ya ƙare, amma ba shi na tambaya ba. Ba ni da hotonta ko ɗaya. Kayan ɗakinta an raba, tufafinta an yi sadaka da su kafin arba'in, mahaifina ya sake aure bayan wata biyar, kuma daga ranar sunanta ya zama kamar abin kunya a gidan. Abin da nake da shi na uwata a duniya shi ne ƙamshin wani turaren wuta, wanda idan na ji shi a gidan biki nakan nemi lungu in tsaya har ya wuce, da kuma wata kalma da goggo ta ce takan faɗa idan ta yi mamaki. Ke nan. Yau idan ƴaƴana suka ce in ba su labarin kakarsu, sai in ba su labarin goggo, domin ita na sani.

An ce sabo ake yi wa kuka, kuma manya suna ɗauka cewa yaron da bai daɗe da uwarsa ba bai saba ba, saboda haka zai mance ya huta. Mantawar ce ba hutu ba. Na girma ina jin kamar an ɓoye mini wani laifi, har na kai shekara goma ina zaton ni ce na jawo mata mutuwa, saboda na taɓa jin wata mata tana cewa tun haihuwata ba ta ƙara lafiya ba. Babu wanda ya san ina ɗauke da wannan, tun da babu wanda ya buɗe ƙofar maganar.

Don haka ka rubuta, Baba, kuma kada ka jira sai ka sami natsuwa. Kada ka rubuta alherinta kaɗai, ka sa har da sharar nan ta sau biyu, domin ita ce za ta sa su ji cewa mutum ce mai rai ta haife su. Ka je wajen ƙawayenta da ƙanwarta da matan adashi, akwai rabin rayuwarta da miji ba ya gani, kuma mata ba za su kawo maka shi da kansu ba sai ka je ka zauna ka tambaya. Saƙonnin muryar nan kuma, don girman Allah, ka kai wayar yau a kwafe su a katin memori biyu, ka ajiye ɗaya a wani gida daban. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a kasuwar Dole, tana mutuwa haka kawai. Da ina da minti ɗaya na muryar mahaifiyata, da ban san abin da zan karɓa in bayar da shi ba.

Ungozoma mai ritaya

Malam, Allah ya ba ku haƙuri, ya jiƙan baiwarsa. Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin ungozoma a jihar nan, kuma labarin da ka bayar, daga ƙullutun da ba ya zafi har zuwa maganar ƙarfe, na ji shi daga bakin mata da mazan da ba zan iya ƙirgawa ba. Ina so ka fara sauke wani ɓangare na nauyin da ka ɗora wa kanka. Jinkirin ya yi illa, ba zan yi maka ƙarya ba, amma kai da ita kun yi aiki ne da abin da kuka tarar ana faɗa, kuma da-na-sani ƙeya ce. Abin da yake gabanka yanzu shi ne ƴaƴa mata biyu.

Ka gaya wa babbar. Dalilina na farko na lafiyarta ne. Yawancin ciwon dajin mama ba gadonsa ake yi ba, wanda yake bin jini bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, kuma ba a ɗaukarsa ta hanyar zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya. Amma macen da mahaifiyarta ta yi shi, musamman idan ta yi shi da sauran ƙuruciya kamar marigayiya, haɗarinta ya fi na sauran mata, kuma duk likitan da zai duba ta nan gaba yana bukatar ya san wannan. Idan kuka ɓoye mata, kun raba ta da abin da zai sa ta yi hanzari ranar da hanzari zai yi amfani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da za a koya mata ba shi da wuya. Ta san jikinta, ta riƙa duba mamanta sau ɗaya a wata, ƴan kwanaki bayan ta gama al'ada, har zuwa hammata. Abubuwan da ba a jira da su su ne ƙullutu ko da ba ya zafi, fatar da ta yi kauri ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, kan mama da ya shige ciki, ruwa ko jini da yake fita ba tare da shayarwa ba, da gyambon da ya ƙi warkewa. Ku gaya mata kuma cewa mafi yawan ƙullutun da ake samu a jikin ƴan mata ba daji ba ne, don kada ta firgita da kowane abu, sai dai awo ne yake rarrabewa, hannu ba ya iyawa. Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe kuwa, ita ce ta fi ci mana mata. Ɗan naman da ake tsinka a kai awo ba ya watsa ciwo. Abin da ya sa mutane suke ganin kamar aiki ne yake kisa shi ne, ba a zuwa asibiti sai ciwon ya gama bin jiki, sai a yi aikin, mace ta rasu, a ɗora wa wuƙa laifin watannin da aka ɓata a gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da wannan ciwo a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu, kuma a ƙasashen da ake gano shi da wuri mafi yawan matan suna rayuwa. A Nijar shi ne kan gaba a cikin dajin da yake kama mata, na bakin mahaifa yana biye da shi. Tun 2007 gwamnati ta sanya kula da dajin mata a cikin ayyukan lafiya na kyauta, kuma a 2021 aka buɗe sashen ƙona ciwon daji da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, abin da a da sai an fita ƙasar waje ake samu. Kuɗin mota da masauki da abinci suna kan iyali, kai ka fi ni sanin nauyinsu, amma wadda ta zo da wuri tafiyarta ba ta kai tara. A watan Oktoba na kowace shekara ana gangamin faɗakarwa a kan dajin mama, ana kuma duba mata, to kada ku bari ƙannen marigayiya da ƴan ɗakinsu su zauna a gida, su ma maganar ta shafe su.

Shawarata a kan yadda za ka yi: kada ka yi maganar kai kaɗai. Akwai abin da budurwa ba za ta iya tambayar mahaifinta ba saboda kunya. Ka faɗa mata sunan ciwon da bakinka, domin haƙƙinka ne, sannan ka bar ta da ƙanwar mahaifiyarta su je wajen ungozoma tare. Kada kuma ka yi mamaki idan ka tarar ta riga ta sani. Yarinyar da take karanta Faransanci, wadda ta riƙa ganin takardun asibiti a kan tebur shekara biyu, da wuya a ce ba ta karanta ba.

Inna ta Zango

Ɗana, jikata ce take rubuta mini wannan. Allah ya jiƙan matarka, na san irin alkakin da kake faɗa, yanzu masu yinsa haka sun yi ƙaranci.

Duk abin da aka gaya maka na ji, ban ƙi ba, amma ina so in tsaya wa mahaifiyarka kaɗan. Mu da aka haifa a da, da shiru aka koya mana ɗaukar mutuwa, kuma da shi muka binne ƴaƴa da mazaje muka tashi muka ɗora tukunya. Matar da ta bar ɗakinta da tsufanta ta zo tana yi wa jikoki wanka, ita ma ta yi rashi, kuma wataƙila ita ce ba ta iya jin muryar, ta fake da yarinya. Kafin ka kunna wa kowa kome, ka shiga ɗakinta ka zauna a ƙasa, ka ce mata kana so ta ba ka labarin ranar da ta je neman maka auren nan, don ka rubuta wa jikokinta. Idan ta zama mai bayar da labari, ba za ta zama mai hanawa ba.

Abu na biyu, namiji ba ya takaba, kuma ko ba yau ba za ka sake aure, haka ya kamata. Ranar da wata ta shigo gidan, kada littafin nan ya zama kishiyar da ba a gani. Ka damƙa shi a hannun babbar ƴarka, nasu ne. Ita kuma babbar ka dube ta da kyau, domin kowa yana tausayin auta, amma wadda ta zama uwa tana da shekara goma sha shida ba a cika tambayarta yadda ta kwana ba.

Baban Yara, unguwar Birni

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabatanmu. Na dawo in gaya muku inda aka kwana, tun da kun ɗauki maganar kamar taku.

Na fara da Hajiya kamar yadda Inna ta Zango ta ce. Ta yi shiru mai tsawo har na zaci na yi kuskure, sannan ta ce ranar da suka je gidan su marigayiya a Zango sun tarar da ita tana faɗa da wani mai itace a kan canji, kuma tun a ƙofar gida ta ce wa ƙanwarta wannan yarinya za ta riƙe gida. Ta yi kusan awa tana magana, ina rubutawa, tana share ido da bakin mayafi. An kwafe saƙonnin, guda arba'in da uku ne, kati ɗaya yana wajen ƙanwar marigayiya.

Ran Laraba na zaunar da babbar. Hajiya ungozoma, kin faɗi gaskiya: ta sani tun tafiyarmu ta biyu, ta karanta a takardar awo, ta je ta bincika a wayar ƙawarta. Shekara uku ke nan tana tashi da dare tana laluba jikinta tana kuka, ba ta gaya wa kowa ba don kada ta ƙara mini damuwa. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba, abin da ban yi ba tun tana ƴar ƙarama. Ran Litinin za su je wajen ungozoma ita da ƙanwar mahaifiyarta.

Jiya bayan magariba na kunna wa autar saƙo ɗaya, mafi gajarta, na daƙiƙa goma sha tara. Mahaifiyarta tana kiran ta da sunan da take kiran ta, tana tambaya ko ta ci tuwo, tana cewa a gaya wa yayyenta su rufe randa kada ƙura ta shiga, a bayanta ana jin ƙarar motocin Yamai. Yarinyar ta riƙe wayar da hannu biyu ta manna a kunne, ta sa na maimaita sau huɗu, sannan ta juya ta dubi yayarta ta ce, "Ashe muryarku ɗaya." Hajiya tana bakin ƙofar ɗakinta a zaune, ba ta ce a kashe ba.

Randar tana ƙofar gida tun shekaranjiya, mazan ne suke cika ta kafin su tafi makaranta. Littafin ya kai shafi goma sha ɗaya. Abin da na rasa har yanzu shi ne ma'aunin alkakinta, domin ba ta taɓa rubuta shi ba, da ido take aunawa, kuma babbar ta ce ta san yadda ake naɗi amma ba ta san yawan tsamiyar da ake sa wa ruwan sukarin ba. Aminiyarta ta Zango, wadda suka koya tare a hannun kakar, ta ce za ta zo ran Asabar da alkamarta, a kafa kasko a tsakar gida, yaran su zauna su gani.